Shafin da Yelwa Ta Maƙale da Allura

Garwa, 6 ga Janairu 1975

Zuwa ga ƙanwata Kaltumi, malamar lekol (makarantar boko) a Gider,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Sulaimanu. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Alhaji ta yi sauƙi har ya koma shago, Lukmanu da Fadimatu sun warke daga tarin da suka yi. Ina fata yarinyar nan ta iso lafiya a motar Mahamman, tare da soyayyen naman layya. Kwanon ki dawo mini da shi, na jere ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ke 'yar goggona ce, akwai wasa tsakaninmu, amma yau ba wasa na zo yi ba.

Tun da yarinyar nan ta zo hutu take yawo da wani kaye shuɗi, littafin rubutun nan na 'yan makaranta. Ina bakin murhu tana bayana, ina shanya tana bayana, in na juya sai ta sunkuyar da kai. Ranar Babbar Sallah Hamadu mahauci ya zo fiɗa kamar kowace shekara. Ina tsakar gida da matan unguwa su huɗu, na ce mata ta tsaya kusa da shi ta sa ido a kan hanta da ƙoda, don su dai mahauta hannunsu ba ya komawa gida haka nan. Magana ce da na ji a bakin manya tun ina ƙarama. Sai ta buɗe kayen ta rubuta, sannan ta ɗago ta ce, "Adda, mahauta nawa kika sani? Wanne ne ya taɓa ɗaukar miki nama?"

Hassana maƙwabciyata ta toshe baki da mayafi. Na ce wa ya koya mata titsiye manya? Ta ce, "Mama ta ce duk maganar da ta fara da 'su dai', a tambaye ta shaidarta."

Mama. Kwana goma sha biyu ta yi a gidan nan, ban wuni ban ji wannan suna da take kiranki da shi ba. Mama tana tafasa ruwan sha. Mama ba ta sa kanwa da yawa haka. Mama ta ce a wanke hannu da sabulu. Ni kuwa Adda ce, kamar yadda ta ji kina kirana. Ban damu ba, haka aka saba.

Abin da ya dame ni tarbiyya. Mun ba ki yarinya ki koya mata karatu, ba ki mai da ta alƙali a gidan ubanta ba. Yarinyar da ta iya tambayar babba shaida a gaban baƙi, gobe mijinta za ta tambaya, jibi limami. Ki faɗa mini mene ne wannan kaye, kuma wa ya ba ki izinin sa yara su riƙa rubuta maganar iyayensu.

Yayarki,
Dela

Gider, 15 ga Janairu 1975

Adda Dela,

Na gaishe ki, na gai da Alhaji da yara. Mun ji daɗin labarin ƙafarsa. Yelwa ta iso lafiya. Nama ya yi daɗi, Malam ya ce ko hanta ɗaya ba ta ɓata ba, a gai da Hamadu. Kwanonki yana hannun Mahamman.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya. Bai kamata ta tambaye ki a gaban baƙi ba, na yi mata faɗa, ta ce a ba ki haƙuri. Amma bari in gaya miki asalin kayen.

Yara hamsin da takwas ne a ajina. Akwai 'yan ƙabilar Gidar, akwai Fali, akwai Fulani, akwai namu. Farkon shekara wani ɗalibina Gaston ya ƙi zama benci ɗaya da wani yaro Bahaushe, wai Bahaushe ko fensir ka ba shi aro sai ya sayar. Yaron ya ce ai mutanen dutse irin su Gaston ba sa wanka. Wata Bafulatana ta ce ita duk su biyun ba ta shan ruwa a kofinsu. Kafin in iso daga allo an fasa wa ɗaya leɓe. Adda, shekara bakwai ina bulala a kan irin wannan, ban ga ta cire komai ba. Yaro ya yi shiru a aji, ya fita fili ya maimaita.

Sai na sa kowa ya ware kaye, muka sa masa suna Littafin An Ce. Ana raba shafi gida huɗu. Na farko, abin da aka ce. Na biyu, a bakin wa na ji, babu suna, sai dai a ce babba ko yaro. Na uku, mutum nawa na gani da idona. Na huɗu, na tambayi mai abin? Ba a rufe shafi sai an cika gida na huɗu.

Da Gaston ya zo gida na uku ya ƙirga Hausawan da ya sani, su uku ne. Na ce ni fa? Ya ce, "Madam, ai ke ba kya ciki." Na ce don me? Ya yi ta sosa ƙeya, aji ya fashe da dariya. Yanzu benci ɗaya suke da yaron, har yau suna faɗa, amma a kan ƙwallo.

To Adda, tsakani da Allah, mahauta nawa kika sani?

Yelwa ce ta ɗaya a jarrabawar watan jiya, kuma na rubuta sunanta cikin masu jarrabawar shiga siziyem, ajin farko na sakandare, a watan Yuni. Ta yi zazzaɓi kwana uku da dawowarta, ta ƙi cin komai sai kunu, shi ma sai daga hannuna. Yanzu ta miƙe. Kayenta ya fi na kowa cika, sai dai akwai shafi ɗaya da ta naɗe ta maƙale da allura. Ko ni ta ce ba zan gani ba tukuna.

Ƙanwarki,
Kaltumi

Garwa, 27 ga Janairu 1975

Kaltumi,

Muna lafiya. Kwano ya iso da ɗan tsaga a murfi, ba komai.

Yarinya ta yi zazzaɓi kwana uku, sai a ƙarshen takarda zan gani, bayan labarin Gaston? Kuma wai sai daga hannunki. Na karanta wannan layi sau uku. Ban san dalilin da ya sa kika ga ya kamata in san hannun da ta sha kunu a cikinsa ba.

Kin tambaye ni nawa na sani. Biyu: Hamadu da ubansa. Shekara goma sha huɗu suna fiɗa a gidan nan, ban taɓa neman ƙoda na rasa ba. Ga amsarki, ki kai wa ajinki su yi dariya. Wannan bai ba yarinya 'yar shekara goma sha uku damar buɗe mini kaye a fuska ba.

Kada ki ɗauka ban gane darasinki ba. Na zauna a benci kafin ki zauna. Ni na riƙe hannunki kika rubuta harafinki na farko, ni na koya miki rabawa a ƙasa da tsinke a zauren Goggo, kina kuka da majina. Na bar makaranta a katiriyem, shekara ta uku a sakandare, ina ta biyu a aji, na yi aure, ke kika ci gaba. Ban taɓa yi miki baƙin ciki ba. Amma ki sani da ni ce a gaban wannan allo, da na koya musu gaskiya ba tare da na cire musu kunya ba. Ke kin raba su da raina maƙwabta, kin koya musu raina iyaye.

Shafin nan da ta maƙale, na san abin da ke ciki. Maganganuna ne. Duk abin da ta ji na faɗa a kan Fulani da mutanen dutse cikin kwana goma sha biyu ta kwashe ta jera, ta rubuta "babba" a gida na biyu, kamar akwai wanda bai san babban ba. Shi ya sa take bi na har bakin murhu. Ki cire allurar ki aiko mini da shi. Ke ce babba a gidan, ba ita ba.

Sannan na yi magana da Alhaji. Da aka yaye ta Goggo ce ta ɗauke ta, da Goggo ta rasu kika roƙa aka ba ki, shekara bakwai ke nan. Riƙo ne, ba kyauta ba ce. In an yi hutun ƙarshen Maris ki haɗa mata kayanta duka, har da tabarma. Za ta dawo gida. Jarrabawar ta jira wata shekara, ladabi ba ya jira.

Dela

Garwa, 24 ga Fabrairu 1975

Kaltumi,

Ina fata lafiya ce ta hana ki rubutu, ko da yake na san lafiya kike. Mahamman yana wuce Gider sau biyu a mako, ya rantse a hannunki ya sa takardata. Mako huɗu ke nan.

Ya ce ya gan ku a kasuwa ke da ita, ita da riga da zane, ke da ɗankwali, duk atamfa iri ɗaya mai ganyen kore, har wata mai sayar da gyaɗa ta ce uwa da 'ya sun yi kyau. Na san wannan atamfa. Ba a aiko da ita don kanki ba.

Shirun nan na fahimce shi. Mai takardar malanta ba ta amsa wa wadda ta tsaya a katiriyem. To, ranar ashirin da biyu ga Maris ni da kaina zan shigo motar Mahamman. Ki gaya mata.

Dela

Gider, 3 ga Maris 1975

Adda,

Na gaishe ki da girmamawa. Muna lafiya, jiki dai. Ki yafe mini shirun. Ba raini ba ne, abin da ya fi raini muni ne, zan faɗa miki.

Takardarki ta ƙarshen Janairu Yelwa ta karanta ta. Ban ba ta ba, ashe ta daɗe da sanin gwangwanin da nake ajiye wasiƙunki. Na dawo daga lekol na same ta zaune a bakin ƙofa da kayen a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta cire allurar da kanta ta ce, "Mama, tunda tana so ta gani, ki aika mata." Da Hausa ta rubuta shi don kada 'yan aji su karanta. Ga shi na haɗo, amma na kwafe shi nan ma ko da ya ɓata a hanya.

"An ce: Hausawa ba sa son ɗansu na fari. Da an yaye shi sai su ba da shi, kamar yadda ake ba da akuya kiwo.

"A bakin wa: yarinya. Ita ma a bakin kakarta ta ji.

"Nawa na gani: ɗaya, ni. Wasiƙun Garwa arba'in da uku ne a gwangwani, na karanta duka. Akwai sunan Lukmanu da na Fadimatu a kowace. An tambayi kwano sau shida. Sunana babu ko sau ɗaya, sai 'yarinyar nan'. Da na isa gida da Sallah ta ce 'an iso?' tana kallon bango. Fadimatu tana kwanciya a cinyarta.

"Na tambayi mai abin?"

Gida na huɗu babu komai a ciki, Adda.

Lucienne ce ta faɗa mata, ƙawarta ta benci, kuma ba da mugunta ba. Tambaya ta yi don me Yelwa ba ta zaune da uwarta. Na zaunar da ita na yi mata bayani. Na ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce, ba ƙi ba ne, haka aka yi wa babban wanki, haka aka yi wa Alhaji. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Mama, wannan ma 'an ce' ne. Ke kika ce a tambayi mai abin." Darasina ne ta mayar mini.

Wannan tambaya ce take bin ki da ita har bakin murhu. Ta ce kullum in kin juya sai bakinta ya mutu. Ranar Sallah ta ga hutu yana ƙarewa, ta ce bari ta fara da mai sauƙi, ta mahauta, in kin amsa sai ta yi ɗayar. Kin san yadda aka ƙare.

Yanzu laifina. Mako huɗu shafin nan yana cikin akwatina. Da na karanta shi na ji tausayinta, amma can ƙasan zuciyata na ji daɗi, Allah Ya yafe mini. Na ce ashe tawa ce. Kin san shekara tara da aurena ban taɓa ko ɓari ba. Da mai gyaɗar nan ta ce uwa da 'ya, ban gyara mata ba. Ɗankwalin ragowar ɗinki ne, Yelwa ce ta matsa in ɗaura, amma ban yi wani musu ba. Na riƙe shafin ne don ina tsoron ki amsa. Na san in kika amsa da gaske, ni zan koma uwar riƙo kawai.

Ina koya wa yara hamsin da takwas kada su bar ƙarya ta zauna don tana yi musu daɗi, ga ni na zauna a kan ɗaya.

In za ki ɗauke ta, 'yarki ce. Roƙona biyu. Ki bar ta ta yi jarrabawar, wata uku ya rage, kuma za ta ci. Sannan ko a nan take ko a can, ki amsa mata. Ni ba zan iya cika wannan gida ba, na gwada.

Ƙanwarki,
Kaltumi

Garwa, 10 ga Maris 1975

Ƙanwata Kaltumi,

Muna lafiya, sai zafi da ya fara. Na gai da Malam Sulaimanu.

Abu biyu kika yi ba daidai ba. Kin ajiye wasiƙun manya inda yarinya za ta kai hannu, kuma kin riƙe abin da ba naki ba mako huɗu. Na farkon sakaci ne. Na biyun ba zan yi miki dogon wa'azi a kansa ba, don na san ciwon. Shekara bakwai ina jin sa duk lokacin da na ga rubutunki a bayan ambulan. Ke kina tsoron in amsa, ni ina ƙirga sau nawa ta ce Mama. Mu biyu manya, Allah Ya shirye mu.

Shekaranjiya na bi ta rumfar Hamadu. Na gaya masa abin da na faɗa ranar Sallah, don ban saba cin naman mutum a bayansa in yi shiru ba. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Hajiya, ai na ji ki, tsakar gidan ba ta da faɗi. Mu ma a mahauta cewa muke 'yan kasuwa mudunsu akwai lotso a gindi." Na ce 'yan kasuwa nawa ka sani? Ya ce Alhaji kaɗai, kuma mudunsa lafiya lau. Ki gaya wa Gaston ɗinki.

Ba zan zo ranar ashirin da biyu ba. Ta zauna ta yi jarrabawarta. In ta ci, za mu zauna mu uku a yi maganar inda za ta yi siziyem. Ban ce na bar miki ba. Ɗankwalin ki ci gaba da ɗaurawa, amma in mai gyaɗa ta sake magana ki gaya mata akwai wata a Garwa.

Takardar da ke naɗe a ciki ba taki ba ce. Ki ba ta a rufe.

Yayarki,
Dela

Zuwa ga mai kaye shuɗi,

Karanta wasiƙar da ba a rubuto miki ba laifi ne, kada ki sake. Tambayar babba a gaban baƙi laifi ne, kada ki sake. Amma kin yi tambaya a rubuce, kuma malamarku ta ce ba a rufe shafi sai mai abin ya amsa. Ni ce mai abin. Ki kwafe wannan a gida na huɗu, da rubutu mai kyau.

Ranar da Goggo ta goye ki ta fita da ke daga gidan nan, na ci gaba da tankaɗe, don mata suna kallona su ga ko zan ɗaga kai. Ban ɗaga ba, aka yabe ni. Garin nan ban san inda ya zuba ba. Kwana tara ban iya cin tuwo ba, na ce wa mutane ciwon haƙori ne.

Da kika yi ƙyanda kina shekara huɗu, kullum sai na ƙirƙiri aike zuwa gidan Goggo. Na ari turmi sau uku alhali ina da biyu. Ina tsayawa a bakin ɗaki in tambayi lafiyar kaji, ina kallon ƙafarki ta ƙarƙashin labule.

Atamfar da ake cewa Alhaji ya aiko miki kowace Sallah, Alhaji bai san kore da shuɗi ba. Takardun sakamakonki da Kaltumi take aikowa suna cikin babbar kwallata ta jere, ƙarƙashin zanen aurena, guda goma sha tara. Na san kin faɗi a lissafi a aji uku, na san wa ya zo na ɗaya a waccan shekara, kuma har yau ban yafe masa ba. Kwanon da nake yawan tambaya, in ya dawo ina duba ko an cinye abin da ke ciki. Ba ni da wata hanyar tambayar ko kin ci.

Ki gaya wa Lucienne kakarta ta ga daidai, ana ba da mu, ana ba da 'ya'yanmu. Abin da ba ta gani ba shi ne bayan an fita da yaron, don mu da kanmu muke rufe ƙofa. Ban ce al'adar banza ce ba. A cikinta na tashi, kuma in kin zo gobe a gaban Hassana bango zan kalla, ki sani tun yanzu. Amma na yi zaton kin san abin da ke bayan bangon, ashe ba wanda ya gaya miki. Wannan laifina ne, ba na kakar Lucienne ba.

Ki ci gaba da kiran Kaltumi Mama. Ta yi aikin sunan. Ni kira ni duk abin da bakinki ya saba.

Kin ce wasiƙa arba'in da uku babu sunanki. Ranar sunanki liman ya raɗa miki na littafi, amma wanda kowa yake kiranki da shi mutane suna cewa Goggo ce ta sa. Ba ita ba ce. Ni na raɗa mata a kunne a bayan ɗaki, ta fita ta faɗa kamar nata. Shekara goma sha uku ina jin sa a bakin kowa, har mai tallan manja, ban da nawa.

Yelwa.

Ga shi nan, da hannuna. Ki gyara lissafinki, ki rufe shafin, ki koma kan karatun jarrabawa. Wannan takarda kuma ba ta shiga gwangwanin kowa.

Mahaifiyarki